Ƙarin RAM, Windows 11 ko Linux: wanne ya dace da tsohuwar kwamfutar gida?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro kyauta, tambayar da masu gyara suka fi ji ita ce: kwamfutata za ta ɗauki Windows 11, ko sai an ƙara mata RAM? Tambayoyi biyu ne daban aka cusa cikin ɗaya, kuma haɗa su ne ke jawo asarar kuɗi. Wani ya sayi RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai giga 8 ya saka, Windows 11 ta ƙi hawa, domin tun asali ba RAM ne ya hana ta ba. Wani ya sa an ɗora masa ita a kan giga 4 da tsohon faifai mai juyawa, kwamfutar da a da take lallaɓawa ta koma ba ta moruwa. Kafin a zaɓi babbar manhaja, sai an san iya RAM ɗin da na'urar za ta ɗauka. Wurare uku ne ke sa wannan iyaka, wato Windows da masarrafa da bod (babban allon da kayan kwamfuta ke manne a kai), kuma wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ke yanke hukunci.

Iyakar da Windows ke sawa

Windows mai bit 32 tana iya ƙirga adireshi na giga 4 ne cif, ba ƙari. Kuma ba RAM kaɗai ke cin waɗannan adireshi ba: katin hoto, BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta) da sauran na'urorin da ke kan bod duk suna ɗibar rabonsu daga ciki. Shi ya sa za ka saka giga 4 ta nuna maka 3 da ɗoriya kaɗai ake amfani da su, ka saka giga 8 ta sake nuna maka wannan adadin. RAM ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ba ta iya kaiwa gare shi. Ban da haka, kowace manhaja guda da ke aiki a kanta giga 2 ne rabonta a bisa al'ada, don haka babban fayil na zane ko na Excel kan tsaya cak alhali akwai sauran RAM a zaune.

Duba wannan minti ɗaya ne. Shiga Settings, sai System, sai About, ka karanta layin System type. Idan ya ce 32-bit operating system, x64-based processor, to masarrafarka mai bit 64 ce, wanda ya loda Windows ne ya ɗaure mata ƙafa. Maganinsa sake lodawa daga tushe da nau'in bit 64. Babu hanyar tsallakawa daga 32 zuwa 64 ba tare da goge manhajojin da ke ciki ba, amma lasisin ɗaya ne, ba sai ka sayi wani ba. Wannan ne yanayi ɗaya tak da sauya Windows ke ƙara maka RAM ɗin da za ka mora ba tare da ka sayi komai ba.

A nau'in bit 64 ma akwai iyaka, sai dai ta kasuwanci ce. Windows 7 Home Basic tana tsayawa a giga 8, Home Premium a 16, Professional a 192, Starter da ke zuwa a kan ƙananan laftof kuwa, wadda bit 32 ce kaɗai, giga 2 ne kacal. Windows 10 Home da Windows 11 Home suna ɗaukar giga 128, Pro kuma tera 2. Saboda haka duk wanda ya ce ka biya kuɗin Pro domin kwamfutar gida ta ga RAM ɗinta, bai faɗa maka daidai ba.

Iyakar masarrafa da bod

Nan ne ake yawan cin karo da bango. Ƙananan laftof masu masarrafar Atom N270 ko N450 giga 2 ne ƙarshensu, N270 ma ba ta san bit 64 ba sam. Kwamfutoci masu chipset na Intel 945, na zamanin farkon Core 2 Duo, ba sa wuce giga 3 da ɗoriya ko da ka ɗora musu Windows mai bit 64, domin ƙarancin adireshin a jikin bod yake. Masu GM45 suna kai giga 8. Laftof masu masarrafar Intel Core i ta zubi na biyu zuwa na huɗu, irin na hannu da ake samu a Farm Centre da titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja, suna karɓar giga 8 a kowane gurbi, giga 16 ke nan idan gurabe biyu ne. Daga zubi na shida, da DDR4 ya shigo laftof, ana samun giga 32 cikin sauƙi.

Sai yawan guraben saka RAM. HP EliteBook 840 G1 da Dell Latitude E7440 gurabe biyu gare su. ThinkPad T440 kuwa giga 4 ne aka like a jikin bod, sai gurbi ɗaya, iyakarta 12. Galibin HP Stream da ire-irenta ba su da gurbi ko ɗaya: da giga 2 ko 4 suka zo, a haka za su ƙare. Danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka shiga Performance, sai Memory. A ƙasa za ka ga Slots used, da gudun RAM ɗin, da Hardware reserved. Lissafin gurabe da Windows ke bayarwa kan yi kuskure a wasu na'urori, don haka kafin ka fitar da kuɗi, buɗe murfin ƙasa ka gani da idonka. Idan kuma Hardware reserved ya kai giga ɗaya ko biyu a Windows mai bit 64, rubuta msconfig a akwatin binciken Windows ka buɗe shi, ka shiga Boot, sai Advanced options, ka cire alamar da ke kan Maximum memory. Idan babu alamar, zargi sandar RAM da ba ta zauna daidai ba.

Karanta takardar jikin RAM

Kuskuren saye ya fi kowane kuskure yawa, kuma ɗan farin lakabin da ke manne a jikin sandar ya isa ya hana shi. Ɗauki wadda aka rubuta 4GB 2Rx8 PC3L-12800S. PC3 na nufin DDR3. Harafin L na nufin mai ƙaramin lantarki ce, bolt 1.35, saɓanin DDR3 na asali mai 1.5. Lambar 12800 gudunta ke nan, wato DDR3-1600. S na ƙarshe na nufin ta laftof ce. Ta kwamfutar tebur U ake rubutawa. Idan ka ga R a wurin, kamar PC3-10600R, ta saba ce, irin wadda ake cirowa daga manyan kwamfutocin kamfanoni. Tana da araha, tana shiga gurbin kwamfutar tebur daram, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da ita ba.

Harafin L ɗin nan ba ado ba ne. Laftof masu zubi na huɗu da na biyar, irin su 840 G1 da G2, DDR3L suke buƙata. Sandar DDR3 ta asali za ta shiga gurbin lafiya lau, domin ƙafafunsu 204 ne dukansu, amma sau da yawa sikirin baƙi za ka samu, ko fitila ta riƙa ƙyaftawa. Akasin haka ba shi da matsala: DDR3L na aiki a yawancin tsofaffin laftof masu 1.5. In kana shakka, sayi mai L.

Shi ma 2Rx8 yana da muhimmanci ga tsofaffi. Sandar giga 4 mai 1Rx8 an haɗa ta da ƙwayoyi takwas manya, mai 2Rx8 kuma da ƙwayoyi sha shida ƙanana, takwas a kowace fuska. Core 2 Duo da Core i zubin farko ba su san manyan ƙwayoyin ba, sai su ƙi tashi ko su riƙa faɗuwa. Ga irin waɗannan na'urori, nemi mai ƙwayoyi sha shida.

DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna. Ta laftof mai DDR4 ƙafa 260 gare ta, DDR5 kuma 262, kuma tsagar da ke tsakiya ba a wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga, kada a tilasta. Haɗa sanduna masu gudu daban yana yiwuwa, sai dai duka za su koma gudun ta ƙasa. Sanduna biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba sauri, musamman a laftof da katin hotonta ke aron RAM, don haka 4 da 4 sun ɗan fi 8 guda, amma 8 guda ta bar maka gurbin ƙari nan gaba.

Wajen sakawa: kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire batir, in na ciki ne zare wayarsa daga bod. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma. A lokacin hunturu jiki kan tara lantarki, don haka taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa sandar, kuma ka riƙe ta ta gefe. Zura ta a karkace har sai ƙafafun zinaren sun ɓace cikin gurbi, sannan ka danna ta ƙasa sai maƙallan gefe biyu sun ce ƙyas. Yawancin sandunan da ake mayar wa mai shago da sunan matattu, rashin zurawa har ƙarshe ne ko ƙura a gurbi. Bayan ta tashi, gwada ta da Windows Memory Diagnostic ko MemTest86 tun kana iya mayarwa, domin sanda mai lahani kan yi aiki kwana biyu kafin ta fara kawo shuɗin sikirin.

RAM ko SSD, in kuɗin ɗaya za su saya

Buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar aiki, sannan ka duba Task Manager. Idan Memory ya haura kashi 85 cikin ɗari ya zauna a can, RAM ya yi kaɗan, kuma Windows ta fara kwashe abin da ya yi yawa tana zubawa a faifai. Idan Memory yana kashi 60 amma Disk ya maƙale a 100, faifan ne ciwon. Faifan laftof mai juyawa 5400 a minti yana karanta kusan mega 100 a daƙiƙa in ya samu babban fayil a jere, SSD na SATA kuma, wato sabon nau'in faifai da ba ya juyawa, kusan 500. A ƙananan fayiloli da ke warwatse, waɗanda su ne aikin Windows na kullum, tazarar ta ninka haka sau da yawa. Ga mai giga 4 da faifai mai juyawa, SSD mai giga 256 ne zai fara saye, RAM ya biyo baya. Ga mai giga 2, ba zaɓi, sai duka biyun. Giga 8 ne mafi ƙarancin da ke ba da natsuwa ga burauza da Word da taron bidiyo a lokaci guda. Mai CorelDRAW, Photoshop ko tace bidiyo ya nemi 16.

Windows 11 ta hanyar da aka amince

Sharuɗɗanta: RAM giga 4, wurin ajiya giga 64, masarrafa mai bit 64, UEFI (sabon tsarin BIOS) mai Secure Boot, da TPM 2.0, wato ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. Ba ta da nau'in bit 32 kwata-kwata. Amma sharaɗin da ke kayar da mafi yawan kwamfutocin hannu shi ne jerin masarrafai: Intel daga zubi na takwas zuwa sama, AMD daga Ryzen 2000, in ban da 'yan tsiraru. Lambar farko bayan karan tsakiya, ko biyun farko daga zubi na goma, ita ke nuna zubi: i5-7300U na bakwai ne, ba ya ciki, i5-8250U na takwas ne, ya shiga, i5-10210U na goma ne. Sunan Core i7 shi kaɗai ba ya nufin komai. i7-3520M na 2012 ne kuma ƙwaƙwalwa biyu gare shi, i5-8250U na 2017 yana da huɗu.

Idan masarrafarka tana cikin jerin amma PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba cancanta, ya ce a'a, akasari saiti ne kawai. Rubuta tpm.msc ka duba. In bai ga TPM ba, shiga BIOS ka kunna PTT a Intel ko fTPM a AMD. Rubuta msinfo32 ka duba BIOS Mode. In ya ce Legacy, faifanka a tsarin MBR yake, sai an juya shi GPT da mbr2gpt kafin a sauya BIOS zuwa UEFI. Wanda ya sauya BIOS kafin ya juya faifan zai tarar kwamfutar ba ta ga Windows ba. Ga duk na'urar da ta cika sharaɗi, wannan ne zaɓi mafi kyau ba tare da ja-in-ja ba, kuma kyauta ne ga mai Windows 10 ta gaskiya. Abin lura ɗaya: giga 4 ɗin da aka rubuta na hawa ne kawai. Ita kanta Windows 11 kan cinye fiye da rabinsa kafin ka buɗe komai, don haka a kai shi 8 tukuna.

Windows 11 ta ƙarfin tsiya

Manhajar Rufus tana iya cire binciken TPM da Secure Boot da RAM lokacin haɗa filashin lodawa, kuma haka yawancin masu gyara ke yi. A kan zubi na shida da na bakwai mai giga 8 da SSD, tana gudu lafiya. Amma mai kwamfutar ya cancanci a faɗa masa abin da ya ɗauka. Microsoft ya ce bai yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan na'urori ba. Ko da gyare-gyaren wata-wata suna shigowa, babban sabuntawa na shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowane zubin Home ko Pro wata 24 ne ake tallafa masa, don haka duk bayan wani lokaci sai an sake ɗora sabo da hannu. Ƙofar ma tana iya rufewa: tun daga zubin Windows 11 na 24H2, masarrafar da ba ta da fasahar SSE4.2, wato Core 2 Duo da 'yan uwansa, ba ta tashi da Windows 11 ko da wace dabara. A ganina wannan hanya ta dace da wanda zai iya sake lodawa da kansa, ba kwamfutar da za a kai wa dattijo a bar masa ba.

Nau'ikan Windows da aka yi wa aski, waɗanda ake tallatawa da cewa suna gudu a giga 2, a guje su. Sauƙin nasu ya samo asali ne daga cire Windows Update da Defender, kuma ba ka da hanyar sanin me aka ƙara a ciki. Kwamfutar da ake shiga banki ko imel da ita ba wurin wannan gwaji ba ne.

Zama a Windows 10

Ba ta daina aiki ba, gyaran tsaro ne ya tsaya. Microsoft ya buɗe wa masu amfanin gida shirin ESU na ƙarin wa'adin gyaran tsaro, wanda a 2025 ya ce zai ƙare ranar 13 ga Oktoba 2026: dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitunansa da asusun Microsoft ta Windows Backup. Dole kwamfutar ta kasance a zubin 22H2. Jinkiri ne na tara kuɗi, ba mafita ba. Abin da ya faru da Windows 7 ya nuna yadda lamarin ke tafiya: tallafinta ya ƙare a Janairun 2020, Chrome ya ci gaba da bin ta har zubi na 109 a farkon 2023, daga nan ya tsaya, shafuka suka fara ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar shagon buga takardu da ba ta hawa intanet, wadda aikinta Word da CorelDRAW da tsohuwar firinta, za ta iya zama a Windows 10 shekaru, matuƙar ana tsare ta daga filashin kwastomomi.

Linux da ChromeOS Flex

Ga zubi na biyu zuwa na biyar mai giga 4, wanda aikinsa intanet, rubutu, karatu da kallo, Linux Mint nau'in Xfce ya fi kowane zaɓi cin moriyar ƙaramin RAM. Yana neman giga 2, ya fi sakewa a 4, yana tashi da ƙasa da giga ɗaya, kuma jerin Mint 22 yana da tallafi har 2029. Ba ruwansa da TPM ko zubin masarrafa, illa dai mai bit 64 ne kaɗai. Yana zuwa da LibreOffice da Firefox, kuma akwai tsarin madannai na Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa. Sai dai burauza burauza ce a ko'ina: shafuka ashirin za su cika giga 4 a Linux kamar yadda za su cika a Windows.

Inda yake gazawa a fili yake. Microsoft Office, CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux. LibreOffice yana buɗe fayilolin Word, amma takarda mai tebura da yawa kan sauya fasali, abin da ɗalibi mai kundin kammala karatu ba zai so ya gano a daren miƙawa ba. Firintocin HP galibi suna aiki, wasu kamfanonin sai an sha wuya. Katin Wi-Fi na Broadcom kan buƙaci direba daga Driver Manager, wanda sai da intanet ta waya ko ta kebul ɗin USB za a sauko da shi. Alherinsa shi ne ana gwada shi daga filashi ba tare da taɓa faifai ba: tashi da shi, gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta, sannan ka yanke shawara. Masu masarrafa mai bit 32 zalla zaɓinsu ya ragu ƙwarai, domin Debian 13 ma ya daina fitar musu da cikakken tsari. AntiX na cikin 'yan kaɗan da suka rage.

ChromeOS Flex na Google yana neman giga 4 da wurin ajiya giga 16, don haka ya dace da irin HP Stream mai wurin ajiya giga 32 da Windows ta cika wa ciki. Amma kusan komai nasa a intanet yake, kuma ba ya ɗaukar manhajojin Android. Inda data ke da tsada ko sabis ke yankewa, Mint ya fi shi amfani.

Yaushe gyara ya daina biya

Haɗa kuɗin RAM, SSD, batir da aikin mai gyara. Idan sun kai rabin kuɗin laftof ta hannu mai zubi na takwas, irin ThinkPad T480, Latitude 7490 ko EliteBook 840 G5, kuma aikinka ba ya yiwuwa sai da Windows, gara ka ƙara ka sauya. DDR3 da ka saya yau ba zai bi ka zuwa sabuwar na'ura ba, SSD mai inci 2.5 kuwa ko bai shiga cikinta ba zai zama faifan waje. A wurin saye, karanta lambar masarrafar a Settings da kanka, ka tambaya ko RAM ɗin na like ne, ka tabbata BIOS ba shi da kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita, domin in yana da ita ba za ka iya kunna TPM ko sauya komai ba.

Ranar lodawa

Kwafe fayilolinka zuwa faifan waje, ka buɗe wasu daga can ka tabbata sun kwafu. Fayil ɗin ISO, wato na lodawa, na Windows 11 ya haura giga 5, don haka ka tanadi data da filashi mai aƙalla giga 8, kuma ka haɗa shi da Media Creation Tool ko Rufus; kwafewa kai tsaye kan filashi mai FAT32 kan gaza, saboda wannan tsarin ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. Sauko da direban Wi-Fi tun kafin ka goge komai. Kada ka fara da mataccen batir kana dogaro da wutar NEPA, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar lodawa na iya sa a sake daga farko, a tsakiyar sabunta BIOS kuwa tana iya kashe bod. Idan ta Windows Update ka hau, kana da kwana 10 na komawa Windows 10 matuƙar ba ka goge jakar Windows.old ba. Sabbin zubin Windows 11 kan kulle faifai da BitLocker da kansu idan ka shiga da asusun Microsoft. Shiga asusun ka kwafe mabuɗin mai lamba 48 a takarda tun ranar farko, domin sauya saitin BIOS ko canza bod na iya sa ta neme shi, kuma in babu shi ba mai gyaran da zai iya fito maka da fayilolin.